BA WUTA BA CE, KAI NE

Rubutun wannan makon zai taɓa wasu, ni ma ban tsira ba.

Ka kai wa tela ɗinki tun farkon azumi, ya auna ka, ya karɓi rabin kuɗi, ya ce goma ga wata ka dawo. Ka dawo. "Wallahi ranka ya daɗe, wuta ce." Ka sake komawa daren sallah ka hangi shaddarka a cikin leda ko almakashi bai taɓa ta ba. To almakashi ma da wuta yake aiki? Gaskiyar maganar ita ce ya karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfinsa yana sane, ya ajiye NEPA a aljihu don ranar da za ka zo. Tun 2005 aka sauya wa NEPA suna zuwa PHCN, a 2013 aka miƙa rarraba wuta ga 'yan kasuwa, amma har yau ita ce ke ɗaukar zunubin teloli, masu walda da masu buga takardu.

Haka yake a ofis. Oga bai sa hannu ba. Babu sabis. Wanda ke riƙe da makulli ya fita. In duk sun ƙare sai a jawo ƙaddara, wadda ita ce ta fi ba ni haushi, domin da zarar an ambace ta an rufe bakinka, in ka ƙara magana ka zama mara tawakkali.

Wani zai ce ai matsalolin na gaske ne. Na yarda. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kunna janareto ya zama sai an yi lissafi. Amma akwai bambanci tsakanin dalili da uzuri. Mai dalili yakan kira ka tun kafin ranar alƙawari ya ce ga abin da ya faru, ga ranar da zan iya, in ba za ka jira ba zo ka karɓi kayanka. Mai uzuri sai ka ƙona mai ka zo sannan zai tuna babu wuta.

Lokacin da nake aikin sanin makama a wata maɗaba'a, bayan shekarata ta farko a poli, an ba ni katin biki in shirya. Na juya ranar ɗaurin aure, aka buga gaba ɗaya. Da maigidan ya tambaya, bakina ya riga ni: haka aka kawo a rubuce. Ya buɗe durowa ya ɗauko takardar mai aikin ya ajiye gabana, bai ce komai ba. Daga baya ya ce mini, "Yaro, kuɗin takarda zan iya biya. Amma daga yau duk abin da ka faɗa sai na duba." Har na gama watanni na a wurin ana duba bayana.

Mu marubuta ma kada mu yi dariya. Littafi zai fito cike da kurakuran ƙa'idar rubutu, a ce mai buga shi a kwamfuta ne ya ɓata. Sunan wa ke jikin bango? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani.

Ku tuna ƙissar Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya ƙara masa yarda, a yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira. Mutum tamanin da 'yan kai suka zo da uzurori da rantsuwa, aka karɓi zahirinsu. Ka'abu mutum ne mai fasahar magana, mawaƙi ne, ya iya tsara zance in ya so, amma ya ce ba shi da wani uzuri. An ƙaurace masa kwana 50 tare da Murara ɗan Rabi'u da Hilal ɗan Umayya, sannan karɓar tubarsu ta sauka a Suratut Tauba. Ba zan ɓoye ba, shi ya sha wahala a lokacin, masu uzuri suka koma gida lafiya. Shi ya sa yawancinmu muke bin sahunsu.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ogan da yake zage yaron da ya ce "ni na fasa" a gaban kwastoma, ya kuma yanke masa kuɗin mako, shi ya koya wa sauran cewa lokaci na gaba a ce a fashe aka same shi. Iyayen gida da ke cikin wannan zaure, ku duba yadda kuke karɓar gaskiya kafin ku yi ƙorafin yara maƙaryata ne.

Telan nan kuwa, shaddata tana wurinsa har yanzu. Jiya na kira, ya ce yaronsa ne ya yi tafiya.