Ra'ayinmu: Ina Akushin Ciyayya Ya Shiga?

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu lokacin kaka, da ya kawo Ambursa zai ga abin da ya sa ake yi wa Jihar Kebbi kirari da shinkafa. Ga fadamar Rima shimfiɗe, ga motoci maƙare da buhuna. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamba 2015 aka shiga lissafin buhun da ake nomawa, aka kuma ƙara da na injin casa da aka buɗe a Argungu a 2017. Lissafin nan yana da kyau. Amma akwai tambayar da ba mu ji an yi ba, ita ce kuwa: in an kai shinkafar nan gida an tuƙa, da wa ake cin ta?

Kada mai karatu ya ɗauka teburin Turawa muke wa talla, inda miji da mata da 'ya'ya suke jeruwa da cokula. Iyayenmu suna da nasu tsari tun kafin zuwan boko. In an idar da sallar magariba, magidantan unguwa sukan shimfiɗa tabarma a zaure ko ƙofar gida, kowa a fito masa da akushinsa, wani tuwon dawa da miyar kuka, wani na shinkafa da miyar sure da ɗan kifi, a jera su a tsakiya a ci ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne ciyayya. A cikin gida kuwa mata suna nasu, yara maza da kwanonsu, mata da nasu, sa'a da sa'a. Ba wanda yake janye ƙwarya ya shige ɗaki sai maras lafiya.

Hikimar da ke cikin wannan tsari ta wuce cika ciki. Abu na farko shi ne rufin asiri. Magidancin da ba a hura wuta a gidansa ba yakan zauna ya ci tare da sauran, ba a tambaye shi ba, shi ma bai roƙa ba. Maƙwabta kuwa sun gane, gobe da sassafe sai a aika wa iyalinsa da kwanon hatsi a asirce. Baƙon da dare ya yi masa a hanya ba ya neman gidan abinci, zauren da ya fara tararwa shi ne masaukinsa. A nan ake jin wanda ambaliya ta cinye wa gona, a nan ake kashe rigimar iyaka kafin ta kai gaban alƙali.

A wajen yara kuma kwanon nan makaranta ne. A nan yaro yake koyon bisimilla, da cin gabansa, da barin tsokar nama har sai babba ya raba, da rage wa ƙaninsa loma ta ƙarshe. Uwa tana daga gefe tana kallo, ta san mai haɗama, ta san wanda yau hannunsa ya yi sanyi, kafin zazzaɓi ya kwantar da shi ta riga ta nemi magani.

To, me ya watsa wannan zama? Gandu ya rabu, kowane ɗa ya ware tukunyarsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Birnin Kebbi ta cika da ofisoshi, samarin Ambursa da na ƙauyukan kewaye suka zama masu sammako su dawo da dare. Aka gina gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe, ba zaure. Sai kuma wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin, har a ga mutum huɗu a ɗaki ɗaya kowa da kwanonsa a cinya, ido na kan waya. Gaskiyar da ba ta da daɗin faɗi ita ce, mu 'yan boko ne kan gaba a wannan. Ƙaramin ma'aikaci yakan karya a teburin mai shayi, ya ci na rana a bakin sakatariya, ya yi hira a majalisa har yara su yi barci, a ajiye masa nasa a kula. Mako yakan ƙare bai ga ɗansa yana cin abinci ba. Ko a jami'a haka abin yake. Magabatanmu da suka yi zanga-zangar 1978 kan ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci a zaure ɗaya suke ci. Mu kuwa kowa yana kulle da risho da taliyarsa a ɗaki.

Mun san uzurin da za a kawo, kuma ba mu raina shi ba. Na farko tsadar rayuwa. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024, mutane da yawa suka ji kunyar fito da abin da aka dafa a gidansu. Amma a yi lissafi. Kuɗin da maigida yake kashewa shi kaɗai a waje, da wanda ake miƙa wa yara su sayi awara, in an haɗa su a tukunya ɗaya sun fi auki, ga itace ɗaya, ga mai ɗaya. Malamai sun daɗe suna karantar da mu cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci waɗanda suka yi kukan rashin ƙoshi da su haɗu su ci tare su ambaci sunan Allah. Ai ba don ranar wadata aka ƙago ciyayya ba, don ranar babu aka yi ta.

Uzuri na biyu tsabta ne, musamman bayan annobar kwalara ta 2021 da ta kashe fiye da mutum 3,000 a Nijeriya. A nan lalle akwai gyara. Al'adar tsoma hannu goma cikin ƙwaryar ruwa ɗaya ya kamata a bar ta, a koma zuba ruwa da buta, da sabulu. Wanke hannun za a gyara, ba zaman za a rushe ba.

Na uku kunya, wai ba ya kamata uba ya ci da 'ya'yansa. A da wannan ba ta cutar, domin kakanni da baffanni suna cikin gida, idonsu na kan yara. Yau ma'aikacin da ke zaune a gidan haya daga shi sai matarsa da 'ya'ya uku, in ya ce kunya ta hana shi, wa ya bar wa aikin? Binciken da aka yi a 2018 ya nuna kimanin 'yan Nijeriya miliyan 14 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi, a shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta hana sayar da maganin tari mai kodin. Ba mu ce tuwo yana maganin shaye-shaye ba. Abin da muka ce shi ne, uban da yake zama gaba da gaba da ɗansa kowane dare zai ga canjin ido da na harshe tun abin yana ƙarami, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka wannan mujalla tana kira ga 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata, tun da mu ne magidantan gobe, wasunmu ma na yau. A tsayar da abinci ɗaya a yini, na dare ya fi sauƙi, wanda kowa zai halarta, a kife waya har a wanke hannu. 'Yan mata kada a bar su da kankarar tukunya bayan su suka sha hayaƙi. Wanda yake da maƙwabci ya gwada fito da kwanonsa ko da daren Juma'a ne. 'Yan ɗaki ɗaya a makaranta su haɗa garinsu da mansu. Wanda ya je hutu gida kuma ya zauna a tabarmar da ya tashi a kai, kada digiri ya sa a riƙa kai masa tire ɗaki kamar baƙo.

A 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin kamun kifi na Argungu cikin al'adun duniya da suka cancanci kiyayewa, muka yi murna. Ciyayya ba ta da hukumar da za ta kiyaye ta sai masu gida. Allah ya sa albarka a abincinmu, ya haɗa kan iyalanmu, amin.