Sanarwar Bayan Taron Wakilan Iyaye da Malamai Kan Makarantun Firamare na Karkara a Abuja

Wakilan kwamitocin iyaye da malamai daga ƙauyukan Abaji, Kwali, Kuje, Gwagwalada da Bwari sun yi zama a Abuja domin duba yadda ake auna ƙwazon makarantun firamare na gwamnati. Bayan doguwar muhawara, taron ya cim ma matsaya kamar haka.

Taron ya amince cewa kwatanta makarantu abu ne mai amfani, kuma iyaye suna da haƙƙin sanin inda 'ya'yansu suka tsaya. Abin da bai yarda da shi ba shi ne a ɗora makarantar Yaba ko Rubochi a sikeli ɗaya da ta Garki ko Wuse, a dubi sakamakon jarrabawa kaɗai, sannan a ce wannan ta yi, waccan ta gaza. Yaron ƙauye yakan shigo aji ɗaya da Gbagyi, Bassa, Gade ko Ganagana a bakinsa, ya tarar da darasi cikin Turanci. Da damina rafi na iya tare hanya, lokacin girbi kuma gona ta janye rabin aji. Malamin da aka turo sau da yawa a gari yake kwana, kuɗin mota ya cinye albashinsa, ya iso bayan an yi nisa. Takardar sakamako ba ta nuna ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Mahalarta sun daɗe a kan yajin aikin malaman firamare da aka fara a watan Maris na 2025, kan rashin biyan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, wanda bai ƙare ba sai a watan Yuli, bayan Ministan Abuja, Nyesom Wike, ya shiga tsakani. Fiye da wata uku azuzuwa suna kulle. Mai hali a gari ya kai ɗansa makarantar kuɗi. Ɗan manomi ya zauna gida. Wannan giɓin ya yi mana ciwo, kuma duk awon da ya manta da shi zalunci ne ga yaran.

Don haka taron yana kira ga Hukumar Ilimin Bai Ɗaya ta Abuja da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi da su riƙa kwatanta ƙauye da ƙauye, su kuma wallafa, kowane zango, yawan ranakun da aka koyar da adadin malaman da suka halarta, tare da nuna ko an kiyaye ƙa'idar malami ɗaya ga ɗalibai 35 da Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanada. Muna so babban ma'auni ya zama ko yaron aji uku zai iya karanta gajeren labari ya fahimta, ya kuma yi lissafin tarawa da ɗebewa.

Shugabannin ƙananan hukumomi, waɗanda albashin malamai ke wuyansu, su biya a kan kari, su ƙara alawus ga masu aiki a ƙauyuka masu nisa. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta ce karatun kyauta ne kuma tilas, saboda haka iyaye ma mu daina tura yara gona ko talla a lokacin darasi.

Kowane kwamiti zai buɗe littafin halartar malamai da ɗalibai, ya kawo shi zama na gaba.

Sa hannun:
Shugaban Taro
Sakatare