Wace Irin Yarinya Majigin Zane Ke Nuna wa 'Ya'yanmu?

Jama'a, akwai wani malami da ya shigo gidajenmu ba tare da sallama ba. Ba mu ɗauke shi aiki ba, ba mu duba takardar shaidarsa ba, amma 'ya'yanmu sun fi kasa kunne gare shi bisa ga yadda su ke yi mana a cikin aji. Malamin nan shi ne majigin zane, wanda yara ke kira katun. Tun da ya ke haka ne, ya wajaba mu bincika abin da ya ke karantarwa, musamman game da ɗiya mace, domin icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Da fari ya kamata mu san yadda a ke yinsa. A kowace daƙiƙa hotuna 24 ke wucewa a gaban ido, suna bin juna da sauri har mai kallo ya ga kamar motsi ne. Babu abin da ke shiga cikin hoton nan bisa kuskure. Girman idon yarinya, da sirantar ƙugunta, da maganar da za ta faɗa, da shirun da za ta yi, duk wani ne ya zauna ya ƙaddara su. Saboda haka in mun ga an maimaita siffa ɗaya shekara da shekaru, mun san ra'ayin masu zanen ne mu ke kallo.

Mu ɗauki kamfanin Walt Disney na Amurka, tun da shi ya fi shahara. A 1937 ya fito da Snow White, yarinyar da ta yi ta shara da girki a gidan wadanni bakwai, aka ba ta tuffa mai guba ta ci, ta kwanta kamar matacciya har ɗan sarki ya zo ya tashe ta. A 1950 aka yi Cinderella, wadda ta sha bauta a hannun matar ubanta har takalmi ya fid da ita. A 1959 kuma aka yi Sleeping Beauty, watau kyakkyawa mai barci. Majigin ya kai wajen minti 75, amma ita mai labarin ba ta cika minti 20 a gaban mai kallo ba. Ba mu raina haƙuri, ba mu kuma raina aikin gida, gama dukansu abin yabo ne. Abin da ya dame mu shi ne, a cikin ukun nan yarinyar kirki ita ce mai kyau wadda ke jira, mace mai nufi da iko kuwa sau da yawa ita ce muguwar. Yarinyar da ta kalli wannan sau ɗari, me za ta ɗauka game da amfanin hankalinta?

Dalilin haka ba a ɓoye ya ke ba. A zamanin nan mata da yawa suna aiki a kamfanin, amma galibinsu a sashen bin layi da tawada da shafa launi a kan abin da maza suka riga suka zana. Akwai wasiƙar da kamfanin ya aika wa wata mai neman aiki a 1938, inda ya shaida mata cewa aikin ƙago zane na samari ne, ba a ɗaukar mata su koye shi. Sai a 1942, cikin majigin Bambi, aka fara rubuta sunan mace, Retta Scott, a jerin masu zanen motsi. Kada wani ya ce rashin iyawa ne. Tun a 1926 wata Bajamushiya, Lotte Reiniger, ta gama dogon majigi da almakashi da kwali, tana yanka siffofi tana motsa su kaɗan kaɗan a kan haske, kuma shi ne dogon majigin zane mafi tsufa da ya rage a duniya. Labarinsa daga Dare Dubu da Ɗaya ta ɗauko shi, littafin da mai ba da labari a cikinsa mace ce wadda ta tsirar da ranta da hikimar bakinta.

Daga 1989 aka ce al'amura sun sake, aka fara fito da 'yammata masu tsiwa da son fita su ga duniya. Amma kada a yi wa rogo kallon kitse. A cikin The Little Mermaid na wannan shekara, yarinyar muryarta ta bayar don ta sami ɗan sarki. Wasu malamai biyu masanan harshe a Amurka, Carmen Fought da Karen Eisenhauer, sun zauna sun ƙirga maganganun da ke cikin majigogin nan, aka baza sakamakon a 2016. Sun tarar a The Little Mermaid maza ne suka yi kashi 68 cikin ɗari na maganar, a Mulan na 1998 kuwa kashi 77, ko da ya ke sunan yarinyar ne a kan majigin. Haka nan a 2009 aka yi murna da Tiana, baƙar yarinya ta farko da kamfanin ya ba wannan matsayi, mai aiki dare da rana don ta buɗe gidan abinci nata, sai ga shi ta yi mafi yawan labarin a siffar kwaɗo. Wannan shi ne a naɗa wa mutum rawani a hana shi hukunci.

Mai ɗaki shi ya san inda ya ke yoyo. Canjin da ya yi nauyi ya zo ne sa'ad da mata suka fara riƙe alƙalami. Linda Woolverton ce ta rubuta Beauty and the Beast na 1991, ta kuwa ba yarinyar son karatun littattafai. A 2012 kamfanin Pixar ya fito da Brave, majiginsa na farko da mace ke ja gaba, kuma jigonsa tsakanin uwa da 'yarta ne. Brenda Chapman ce ta ƙago shi, ko da ya ke an karɓe ragamar daga hannunta kafin a gama. A 2013 Jennifer Lee ta zama mace ta farko da ta shugabanci dogon majigin zane na Disney, watau Frozen, wanda a cikinsa ƙaunar ya da ƙanwa ce ta warware matsalar. Ba mu ce namiji ba zai iya ba. Hayao Miyazaki na Japan ya yi Spirited Away a 2001, labarin Chihiro, 'yar shekara goma, matsoraciya mai ƙorafi, wadda aka mai da iyayenta aladu, ta kama aikin wanke-wanke da goge-goge a gidan wankan aljannu har ta fanshe su. Abin da ya yi shi ne ya dubi yarinya ta gaskiya ya zana ta yadda ta ke.

Mun san wasu za su ce wannan wasan yara ne, bai cancanci dattawa su ɓata lokaci a kansa ba. Wasu kuma za su ji tsoron kada a koya wa 'ya'ya mata fitsara da raina na gaba. Tsoron nan yana da hujja, domin akwai majigogin da suka ɗauki ɗaga murya da riƙe takobi su ne jarunta. Ba irinsu mu ke nema ba. Ku dubi The Breadwinner, wanda Nora Twomey ta ƙasar Ailan ta shugabanta a 2017. Parvana 'yar shekara 11 ce a Kabul zamanin mulkin Taliban na farko. Aka kama ubanta, wanda malamin makaranta ne, aka bar gida ba namiji babba, mata kuwa an hana su fita su kaɗai. Sai ta aske gashinta ta sa kayan maza ta shiga kasuwa, tana karanta wa mutane wasiƙa tana sayo abinci. Kowane akawu ya san darajar wannan aiki. Karatun da ubanta ya ba ta shi ya ci da gidan, kuma biyayya ga iyaye ce ta fitar da ita.

A nahiyarmu ma an fara. Marguerite Abouet ta Kwaddebuwa ta fito da Aya de Yopougon a 2013, labarin budurwa mai son zama likita. Malenga Mulendema ta Zambiya ta ƙago Supa Team 4, wanda ya fito a 2023, a kan 'yammata huɗu 'yan makaranta a Lusaka. A 2024 kuma aka nuna Iwájú, wanda labarinsa a Legas ya ke, yarinya ce kuma kan gaba. Mu fa? A gidajenmu iyaye mata da kakanni su ne masu tatsuniya, amma Gizo ne ke da suna, Ƙoƙi tana bayansa. Muna da tarihin Amina ta Zazzau, muna da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta naɗa jajis suna kai karatu ga matan ƙauyuka. Ba mu rasa abin zanawa ba, masu zanen ne ba mu tanada ba.

Saboda haka muna roƙon malamai da iyaye abu biyu. Na farko, duk majigin da yara za su kalla, ku zauna tare da su, in an gama ku tambaye su: me yarinyar nan ta ke so? Wace shawara ta yanke da kanta? In an cire ta, labarin zai tsaya ko zai ci gaba? Amsar tambayoyin nan uku ta isa ta raba tsaki da tsakuwa, kuma yara maza sun fi kowa bukatar jin ta, domin su ne mazaje da iyayen gobe. Na biyu, in kun ga yarinya tana zane a bayan littafinta, kada ku yi saurin ɗaga bulala. Ku ba ta fensir da takarda, ku ce ta zana tatsuniyar da kakarta ta yi mata, hoto bayan hoto. Hannun da ya iya zanen lalle ya iya fiye da haka in an koya masa.

Allah ya ba mu ikon tarbiyyar abin da ya ba mu amana, maza da mata, amin.