Jarida a taga ba ta rufe kabari

A watan Maris na 2010, a birnin Bulawayo na ƙasar Zimbabuwe, wani mai zane da ake kira Owen Maseko ya baje hotunansa a gidan zane na ƙasa. Kashegari ƴan sanda suka kama shi, suka lilliƙe tagogin zauren da jaridu don kada masu wucewa su leƙa. Aka tuhume shi da zubar da mutuncin shugaba Robert Mugabe, kana a watan Agusta gwamnati ta haramta nuna hotunan.

To, mene ne laifinsa? Ya zana kisan Gukurahundi, wato ta'asar da runduna ta biyar, wadda Koriya ta Arewa ta horar, ta yi wa jama'ar yankin Matabeleland tsakanin 1983 da 1987. Ana ƙiyasta cewa mutum wajen 20,000 suka halaka. Ita kanta gwamnati ta kafa kwamitin bincike na Chihambakwe a 1983, amma ta danne rahotonsa.

Jama'a, a nan ne gizo ke saƙa. Rahoto sai wanda ya yi boko, kuma ana iya kulle shi cikin akwati. Hoto kuwa, tsohuwar da ba ta san ko baƙi ɗaya ba, da ta dube shi za ta gane ɗanta. Gani ya kori ji. Abin da mahukunta ke tsoro ke nan.

Masu kare haramcin sun ce tono tsohon ciwo na iya tada fitinar ƙabilanci. Maganar tana da nauyi, amma kowane ɗan kasuwa ya san yaga takardar bashi ba biyan bashi ba ne. Zaman lafiyar da aka gina bisa tilasta wa maraya yin shiru, gini ne a kan rairayi.

Sai a 2015 kotun ƙoli ta tsayar da shari'ar. Mugabe ya sauka a 2017, kuma a 2024 magajinsa Emmerson Mnangagwa ya ƙaddamar da shirin sauraren waɗanda abin ya shafa a gaban sarakunan gargajiya. Ke nan maganar da aka kama mai zane dominta, ita ce hukuma ta dawo tana neman ji.

Saboda haka muna kira ga duk ma'aikacin da aka ba umurnin rufe taga: ya tuna gwamnati wucewa take, shaida kuwa tana nan.