Lafiya Uwar Jiki: Hoton Asibiti A Fuskar Wayar Hannu

A wannan mako za mu tattauna a kan wata al'ada da ta zama ruwan dare a ƙasar nan. Da zarar an yi wa majinyaci hoto a asibiti, sai wani ɗan'uwansa ya ɗaga fim ɗin sama, ko kuwa ya tsaya gaban kwamfuta, ya ɗauki hotonsa da waya, ya aika wa wani likita da ya sani a Legas ko Kano ko Jidda ta WhatsApp, ya ce a duba masa. Niyyar mai kyau ce, domin likitocin da suka ƙware wajen karanta hotuna ba su da yawa, garuruwa da dama kuwa ba su da ko ɗaya. Amma fa akwai abin lura, watau abin da ya isa hannun likitan nan sau da yawa inuwar hoton ce kawai.

Domin mu fahimci dalili, sai mu koma asali. A shekarar 1895 ne Wilhelm Rontgen, mutumin Jamus, ya gano hasken nan da ke ratsa jiki, wanda ake hoton ƙashi da shi. A shekarar 1971 kuma aka fara gwada na'urar Si-Ti a kan majinyaci a wani asibiti a Landan. Godfrey Hounsfield ne ya ƙirƙiro ta, har aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Ita wannan na'ura awo take yi. Tana kewaya jiki, tana auna yadda kowane ɗigo na nama ko ƙashi ke tare hasken, sa'an nan ta ba shi lamba. A ma'aunin da ake kira da sunan Hounsfield, ruwa shi ne sifiri, iska kuwa 1,000 ƙasa da sifiri. Kitse yana wajen 100 ƙasa da sifiri, naman ƙwaƙwalwa tsakanin 20 da 45, jinin da ya zuba ya daskare wajen 50 zuwa 80, ƙashi mai tauri kuwa yakan kai 1,000 har ya wuce.

To, ga inda gizo ke saƙar. Lambobin da na'urar ke ajiyewa sukan kai matakai 4,096, amma fuskar waya ta yau da kullum matakai 256 take nunawa daga baƙi ƙirin zuwa fari fat, idon ɗan Adam kuma ba ya ma iya bambanta su duka a lokaci guda. Saboda haka dole ne mai duba hoto ya zaɓi yankin lambobin da yake so ya gani. Wannan zaɓi shi likitoci ke kira taga. Taga tana da abu biyu, faɗinta da tsakiyarta. Duk abin da lambarsa ta haura tagar sai ya fito fari, duk abin da ya gaza ta sai ya fito baƙi, abin da ya faɗa cikinta ne kaɗai ake raba wa launukan toka-toka.

Ga misali. In ƙwaƙwalwa ake son gani, akan sa tsakiyar taga a 40, faɗinta 80, watau daga sifiri zuwa 80. In huhu ne, tsakiya takan koma wajen 600 ƙasa da sifiri, faɗi kuwa 1,500. In karaya ake nema, sai a buɗe faɗin ya kai 2,000 ko fiye. Hoton ƙirji guda ɗaya, in an dube shi da tagar ciki, huhu zai fito baƙi wuluk kamar ba kome a cikinsa, alhali kuwa da an juya zuwa tagar huhu sai tabon tarin fuka ko wani ƙulli ya bayyana sarai.

Abin ya fi tsanani ga wanda ya bugu a ka, kamar waɗanda hatsarin babur ke kawowa asibitocinmu kullum. Wani lokaci jini yakan taru siriri a ƙarƙashin ƙoƙon kai. A tagar ƙwaƙwalwa da aka saba, jinin nan kusan fari yake fitowa, ƙashin da ke jikinsa ma fari ne, sai su saje, ido ya wuce su. Likitan da ya san aikinsa yakan buɗe faɗin tagar zuwa wajen 200, nan da nan sai jinin ya rabu da ƙashin. Haka kuma a farkon shanyewar ɓarin jiki, akan matse tagar ƙwarai, ta koma wajen 40 ko ƙasa, domin ƙaramin bambancin da ke tsakanin lafiyayyen nama da wanda jini ya daina kai wa ya fito.

Yanzu sai mai karatu ya tambayi kansa, wanda ya ɗauki hoton kwamfuta da waya, taga nawa ya aika? Ɗaya tak, wadda ta dace tana buɗe a lokacin. Lambobin asali duk an baro su a asibiti. Ko likitan da aka aika wa ya ƙara haske ya rage, ba zai dawo da abin da ya riga ya zama fari fat ba. Ban da wannan, hoton Si-Ti yanka-yanka ne, sukan kai ɗaruruwa, wanda aka aika kuwa ƙila biyu ne ko uku. Sa'an nan WhatsApp yakan matse hoto ya rage masa kyau in an aika shi a matsayin hoto. Har ila yau, in aka ɗaga fim ta bayansa, dama takan koma hagu.

Wannan ba ya nufin waya ba ta da amfani. Hotunan asibiti suna da tsarin ajiya na duniya da ake kira Daikom, wanda aka tsayar a 1993, shi ne ke cikin faifan da akan ba majinyaci. Akwai manhajojin waya da ke buɗe shi da dukan lambobinsa, yadda likita zai ja yatsa a kan fuskar waya ya sauya faɗin taga da tsakiyarta, ko ya zaɓi wadda aka riga aka tsara ta huhu ko ƙashi ko ƙwaƙwalwa. A watan Fabrairu na 2011 Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan manhaja ta farko, mai suna Mobile MIM, amma da sharaɗin a yi amfani da ita a inda babu babbar kwamfutar karanta hotuna, ba don ta maye gurbinta ba. An kuma sa mata wani gwaji: wani ɗan gurbi yakan fito wanda launinsa ya ɗan bambanta da na sauran fuskar, in likita ya iya ganinsa ya taɓa shi, to hasken wurin da yake bai hana shi gani ba.

Saboda haka ga shawara ga ma'aikatan lafiya, musamman matasan likitoci masu kwanan aiki. A shiga ɗaki mai sauƙin haske, domin rana tana cinye launukan da suka yi kusa da baƙi. A ƙure hasken waya, a kashe tsarin da ke rage shi da kansa, da na tsimin batir, da na dare wanda ke mai da fuska rawaya. A goge gilashin. A tabbatar da sunan majinyaci da ranar hoto da alamar dama da hagu. A bi yankan hoton daga farko har ƙarshe, a kowace taga da ta dace da sashen jikin. Bayan haka kuma, da an sami hali, a sake dubawa a babbar kwamfuta.

Ku kuwa 'yan'uwa masu jinya, ku nemi abu biyu daga asibiti, faifan hoton da rubutaccen rahoton likitan da ya karanta shi. In za ku nemi ra'ayin wani likita, ku aika da fayilolin da ke cikin faifan yadda suke, tare da bayanin ciwon, kuma kada ku watsa su a zauren dangi, domin sirrin majinyaci amana ne. Kada kuma wani ya yi ta jan haske a wayarsa har ya ga wani farin ɗigo ya tsorata gida, ko ya ga ba kome ya ce a koma gida alhali majinyaci yana amai, barci yana rinjayarsa. Irin wannan a mai da shi asibiti nan take, ko me waya ta nuna.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, gaskiya ne, amma sai an buɗe tagar da ta dace tukuna. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.