Kura da Shan Bugu, Gardi da Kwashe Zinare

A ranin nan na je ƙauyenmu, na tambayi ɗan yayata, aka ce yana korama. Na ce wace korama a watan Maris, ita da ta ƙafe tun kafin hunturu ya fita? Na taka na je. Wallahi abin da na gani ya hana ni cin abincin dare. Inda muka yi wanka muna yara, inda iyayenmu mata ke tona yashi da ƙwarya su sami ruwan sha in rani ya tsananta, yau ramuka ne kamar an yi yaƙi. Samari da yara, wasu ko kaciyarsu ba ta daɗe da warkewa ba, kowa da diga da shebur da tsohuwar tasa, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, suna neman zinare.

Na tsaya na kalli ɗan yayar tawa yana aiki. Zinare yana da nauyi, don haka in ruwan damina ya kwaso shi daga tsauni sai ya kwanta a lanƙwasar korama, can ƙarƙashin yashi, a kan dutse. Dole ka kwashe yashin sama duka kafin ka kai gare shi. Ka cika buhu, ka ɗauko a ka, sannan ka sayi ruwa a jarka, domin koramar ba ta da ko ɗigo, ka zauna kana juya tasa kana zubar da laka tun hantsi har la'asar sakaliya. Abin da ya rage a gindin tasar? Ɗan ƙyalli da bai kai ƙwayar gero ba. Shi zai kai wa dillali, dillali ya ɗora a sikelinsa, ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Yaro ya karɓa, ya sayi garin kwaki da ƙwayar kashe gajiya, gobe ya dawo.

Na ce masa, "Kai, makaranta fa?" Ya ce, "Kawu, wanda ya gama makarantar ga shi can a ramin kusa da nawa." Na rasa ta cewa.

To wannan yaron ne ake kira mai haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba. Shi ake kamawa, shi ake jerawa gaban 'yan jarida da digarsa. Ni tambayata ɗaya ce, ɗan'uwa mai karatu, kuma na san kai ma ta daɗe tana cin ka: zinaren nan ina yake tafiya? Yaron da ko fasfo bai taɓa gani ba, shi ke kai shi Dubai? Wa ke ba dillali jari? Wa ke da injinan niƙa dutse, wa ke da motocin da ke wuce shingen bincike goma ba a buɗe su ba? An bar jaki ana dukan taiki.

Kuma ba wanda zai ce bai san inda hanyar nan take kaiwa ba. In yashin korama ya ƙare, dutse ake komawa, a fasa, a kai gida a niƙa. Haka aka yi a Zamfara. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ƙurar dutsen da ake niƙawa a tsakar gida, inda jarirai ke rarrafe. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ne suka gano abin, su suka zauna suna jinya. Mutanen Bagega sai da suka jira har 2013 kafin a kwashe gurɓatacciyar ƙasar garinsu, yara na shaƙar guba, kuɗin aiki na kwance a Abuja. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka tafi. A 2021 rami ya rufta da mutane aƙalla 18 a yankin Ɗan Isa, Jihar Maraɗi. Gawa nawa ake jira?

Me hukuma ta yi? A Afrilun 2019 ta ce ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara. Shekara biyar da 'yan watanni ana wannan haramci, har zuwa Disambar 2024, kuma kowa ya san diga ba ta huta ba ko kwana ɗaya. Mai lasisi ya tattara ya tafi, mai bindiga ya gaje rami, yana karɓar kasonsa daga talaka. A tsakiyar haramcin nan, a Yulin 2020, aka miƙa wa Shugaba Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5 a fadar gwamnati, aka ce aikin ƙananan mahaƙa ne, aka yi tafi, aka ɗauki hoto. Zinaren halal ne in ya shiga Babban Banki, mai tono shi kuwa ɓarawo ne in an same shi a korama. Wannan munafunci har ina?

Mu ma ba mu fita ba. Uban da ke karɓar kuɗin cefane daga hannun ɗan shekara goma sha biyu bai tambayi inda ya kwana ba, da mai unguwar da aka ba ɗan abin goro ya kau da kai, duk da hannunsu a ciki. Kuma damina na tafe. Ramukan nan za su cika da ruwa, ba mai ganin bakinsu, yaro ko saniya su zurma. Yashin da ke riƙe mana ruwan rani an kwashe, an wanke zaibar da ake kama zinare da ita a cikin sauran, gobe mu za mu sha.

Ban ce a hana talaka neman abinci ba, yunwa ce ta kai shi. Cewa nake a yi wa masu haƙa rajista ƙungiya-ƙungiya, a kafa wurin saye da sikelin gaskiya da farashi a bayyane, a fitar da niƙa daga cikin gidaje, a tilasta cike kowane rami kafin ruwan farko, a mayar da yara aji. Sannan in za a yi kame, a fara daga mai jari da mai fitar da kaya waje, a faɗi sunayensu a rediyo kamar yadda ake nuna fuskar 'ya'yanmu.

Jama'a, ku je ku duba koramar garinku tun kafin hadari ya haɗu. In kun tarar da ɗanku a rami, ku fito da shi, ku kuma tambayi wanda ke sayen abin da ya tono.