Tukwici da La'ada: Kuɗin da Ƙididdigar Albashi ba ta Gani

Duk ɗalibin ilimin tsirrai ya san cewa ba a auna amfanin gyaɗa da yawan ganyenta, domin 'ya'yan suna ƙarƙashin ƙasa. Haka ƙididdigar masu ƙaramin albashi take: abin da ma'auni ya tarar a sarari shi kaɗai yake ƙirgawa.

Mu ɗauki misalin Amurka. Mafi ƙarancin lada a dokar tarayyarsu shi ne dala 7.25 a kowace sa'a tun 2009, amma an yarda a biya ma'aikacin gidan abinci dala 2.13, muddin tukwicin baƙi zai cike gurbin. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar kuwa ladan sa'a take tambaya, ban da tukwici. Saboda haka ma'aikata da dama suke bayyana a ƙarƙashin ƙa'ida, alhali abin da ya shiga aljihunsu ya wuce haka.

A Nijeriya an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, sai dai dokar ba ta shafi wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin kamasho. To, ina matsayin ɗan dako a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, da ɗan kamasho a tashar motar Ƙaura Namoda, da dillalin dabbobi a Zurmi? Idan aka tambaye su albashi, za su ce babu. Idan kuma aka tambaye su abin da suka samu ranar kasuwa aka ninka sau 30, an mayar da su mawadata a takarda. Duka amsoshin biyu kuskure ne.

A ganina, wajibi ne a rubuta tukwici da la'ada, amma a gurbinsu na daban, ba a gauraya su da albashi ba, domin ba su da tabbas. Lokacin da gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako a 2021 saboda matsalar tsaro, albashin malamin makaranta bai dogara da kasuwa ba, amma samun ɗan dako ya yanke nan take.

Malamai na iya koyar da wannan a aji. A sa ɗalibai su rubuta samun ma'aikaci guda, da yardarsa, na kwana 28 a jere, su fitar da matsakaici, su kwatanta shi da na ranar kasuwa. Daga nan za su koyi tambayar da kowane masanin kimiyya yake fara yi wa alƙaluma: me aka auna, kuma yaushe aka auna shi?